Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Fakarun Gwaggo

Wata na uku ke nan da tarewata a Agege, a gidan hayar da na ba ku labari makon jiya. Maigidana ya yi sammako zuwa mayankar Oko-Oba, sai ga maƙwabcinmu Bayarabe, wani dattijo mai zuwa farauta can wajen Epe, ya miƙo wa Gwaggo fakara huɗu da kurciya biyu. Su Yarbawa aparo suke ce wa fakara. Abin da Gwaggo ta fara tambaya shi ne ko ya yi bisimilla kafin ya harba. Ya ce ya yi, biyun da ya tarar da sauran rai kuma ya yanka su nan take.

Ni da na saba da kajin gidan gona, tuni na ɗora ruwa ya tafasa, na tsoma guda. Ina jan gashin, fata ta biyo shi, ƙirjin ya yi fari fat kamar an fara dafa shi.

"Ke 'yar nan, wa ya aike ki?" in ji Gwaggo. Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta karɓe sauran.

A bushe take figewa. Ta danne fata da babban yatsa, tana tsintar gashin kaɗan-kaɗan ta inda ya kwanta, don fatar fakara ba ta da kauri. Da ta gama sai ta babbaka a kan garwashi, ƙananan gashin suka ƙone. Ta tsaga ƙasan wuya ta ciro jakar da tsaba ke taruwa, cike da 'ya'yan ciyawa da gara. Ta ce wannan da hanji su ne ke fara wari, balle a zafin Legas, ga tsuntsayen sun sha cunkoson hanya tun daga Epe, gidan kuma ba wuta.

Wurin hanta na sake yin ɓarna. Wuƙa ta taɓa matsarmama, koren ruwan ya malale. Gwaggo ba ta ce uffan ba, ta yanke duk inda ya taɓa ta jefa wa mage, ita ma magen ta shinshina ta yi gaba. Ƙundu kuwa na iya, na tsaga na zubar da tsakuwa na ɓare rawayar fatar ciki.

Aikin da ya fi cin lokaci neman harsashi ne. Duk inda ta ga ɗan rami da baƙin jini, sai ta bi da tsinke, ta zaƙulo gashin da ya shige ciki, ta matso ƙwayar darma. Ina jin ƙararsu a kwanon sha, ƙwal, ƙwal. Har yau ban ga mai haƙurin matar nan ba. Muka wanke da gishiri da lemun tsami, muka dafa da citta, kanumfari, masoro da tafarnuwa. Naman daji ba kitse, ga tauri, ya fi awa guda a wuta.

Wadda na tsoma a ruwan zafi dai ni na duba ta da kaina, kuma ita na zuba wa maigidan bayan isha'i. Loma ta uku na ji ƙas! Ya dafe kunci, ya tofo 'yar darma a tafin hannu, ya dube ni.

"Wa ya gyara wannan?"

Kafin in buɗe baki, Gwaggo ta yi gyaran murya daga tsakar gida.

Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.