Laraba: fitila ta kama a laburare

Tun kafin kiran asuba idona ya buɗe saboda ɗoki. Kun dai san wata biyu ke nan ina bin Hajiya, shugabar makarantarmu, da maganar yin gwaje-gwajen kimiyya a laburaren makaranta, har ta ce in je in yi abin da na ga ya dace, in dai ba kuɗi zan nema ba. Jiya kafinta ya gama haɗa tsofaffin teburan bibbiyu, muka tura kantocin littattafai jikin bango, tsakiyar ɗaki ta buɗe fayau. Kayan da na sayo a Sabon Gari ranar Asabar suna cikin jaka: batir dozin biyu, wayar lantarki, salatef, filaya uku, da ƙananan ƙwayayen fitila irin na cikin tocila mai caji. Abban yara ya ƙara min da matattun tocila huɗu.

Hazo ya sauko sosai, a-daidaita-sahu ta yi wuya. Takwas saura na shiga makaranta.

'Yan SS2 na fara da su, dab da tashi tara. Na raba su biyar-biyar, kowane tebur batir biyu, waya da ƙwan fitila, na ce ku sa ta kama, ban ƙara ko kalma ba. Shekara nawa ina zana musu zagayen lantarki a allo suna kwafa, su haddace, ranar jarrabawar gwaji ta WAEC kuma a ajiye musu waya a gabansu hannu ya kama rawa. Minti goma na farko sai kallon-kallo. Can teburin taga ya ɓarke da ihu, fitila ta kama. Wani teburin sun haɗa komai daidai amma shiru, sai yarinyar nan ta bencin baya, wadda tun farkon zango ban ji muryarta ba, ta miƙa hannu ta juya ƙwan. Ta ce doguwar ƙafar ce ke zuwa wajen alamar tarawa, yayanta yana gyaran wayar salula a kasuwar Farm Centre, a wurinsa ta gani. Daga nan ita ta zama malama, tebur-tebur ake kiran ta. Da kansu suka gano batir ɗaya mai volt 1.5 ba ya tada farin ƙwai sai an haɗa biyu. Suka jera ƙwai uku a layi ɗaya, ko ƙyas. Suka ba kowanne hanyarsa daga batir, duka suka kama. Wata ta dafa ƙirji ta ce, "Malama, ashe shi ya sa in ƙwan falo ya mutu na kicin ba ruwansa!" Wallahi sai da na juya baya na share ido.

To, sai Baba, mai kula da laburaren.

Duk hayaniyar nan yana teburinsa da rajista a gabansa, bai ce uffan ba. Da aka koma aji ya ɗauko tsintsiya yana tattara guntayen waya. Na karɓi tsintsiyar na ce, "Baba, ka ga yadda fitila ta kama?"

"Na gani, Malama. Allah ya ƙara basira." Ya ɗan yi jim. "Amma kin ga wadda ta zo ta juya?"

Ban gan ta ba. Ya ce mai tabarau ɗin nan ce, wadda kullum in an tashi tara take wucewa lungun bayan kantar adabi ta zauna. Yau ta zo da littafinta a ƙirji, ta tsaya bakin ƙofa. Kantar da ke kare ta tana jikin bango, bencinta yana ƙarƙashin teburin 'yan taga, ɗaki ya cika da ihu. Ta daɗe a tsaye, sannan ta juya. Da ya leƙa, ya hango ta gindin darbejiya, iska na kaɗa mata shafi cikin ƙura. Ya ce gidan haya suke, ɗaki ɗaya, ƙanne bila adadin, kuma ta taɓa gaya masa nan ne kaɗai wurin da take zama ba mai aiken ta.

Na fara kare kaina. Na ce Baba, kai ne shaida, rajistar nan sai a yi mako ba a cika shafi ba, gara ta cinye kantar ƙasa kaf, yara na tsoron ɗakin kamar ofishin horo. Yau aji guda ya shigo, har da masu roƙon a ƙara musu lokaci.

Ya ce, "Ban ce kin yi laifi ba, 'yata. Ɗakin da ba a shiga, gara ke gadonsa. Amma shirun nan ma kaya ne, kamar littattafan. Na daɗe ina ajiyar sa saboda masu buƙata."

Daga haka ya nufi kantar kimiyya, ko lalube bai yi ba, ya zaro littattafai uku daga lamba 537, inda tsarin Dewey na jera littattafai ya ajiye lantarki, ya kaɗe musu ƙura ya ɗora a tsakiyar teburan. Ya ce gobe wata za ta tambayi dalilin da ya sa ƙwai uku suka ƙi kamawa, gara ta tarar da amsar kusa da hannunta. Da faɗa ya yi min da ya fi min sauƙi. Mutumin nan yana tare da ni a aikin, ya dai ga abin da ni ban gani ba.

Tun daga nan ranar ta canja min. Abin da ya fi cina shi ne ni ma irin yarinyar nan ce. Ina sakandare, duk Asabar Babanmu kan sauke ni a Laburaren Murtala Muhammad ya wuce kasuwa, in zauna har azahar ba wanda zai ce tashi ki ɗora ruwa. A can na fara son kimiyya, a cikin shiru, ban taɓa wayar lantarki ba sai da na shiga kwaleji. Yau ina ba yara abin da na rasa, na kuma karɓe wa wata abin da na samu. Ba zan iya ce mata ta tafi can ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin gidaje irin nasu, kuma wa zai bar 'ya mace ta tsallaka gari ita kaɗai bayan an tashi makaranta?

Teburan dai ba zan raba su ba, na ga fuskar 'yar bencin baya. Na yi tunanin a bar lokacin tara ga masu karatu, to amma shi ne kaɗai lokacin da 'yan ƙananan ajujuwa za su iya zuwa su taɓa kayan. Na yi tunanin juyo kantoci biyu a yi lungu, amma katako ba ya tare ihu. Saura ɗan siton nan na baya mai karyayyun kujeru. Yana da taga. Makullin na wurin Hajiya.

Tuwo ya makara. Auta ya samu ƙwan fitila a jakata, ya hana kowa sakat sai da na haɗa masa.

An ɗauke wuta tun magariba. Na rubuta a bayan hannuna: makullin sito, tabarma, tsintsiya. Amma kafin ofishin Hajiya, ajin mai tabarau zan fara shiga, kuma har yanzu ina juya yadda zan buɗe mata maganar.