Ranar da Muka Kai Yara Kallon Tsuntsaye a Lekki

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar muka tashi daga Agege, ni da malamai biyu da yara goma sha huɗu 'yan ajin nazare, waɗanda babbansu bai wuce shekara biyar ba. Kowane yaro yana rataye da abin hangen nesa da muka haɗa masa da kwali da zare, domin na lura cewa ƙaramin yaro ba ya tsayar da idonsa wuri ɗaya sai an taƙaita masa abin da zai kalla.

Tun a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, darasi ya fara, sa'ad da suka hango shirwa tana shawagi a saman ruwa. Cunkoson hanyar Lekki ya ci mana lokaci, amma mun isa kafin rana ta take.

Lekki Conservation Centre, wadda gidauniyar kare muhalli ta Najeriya (NCF) ta kafa a 1990 a kan fili mai hekta 78, daji ne mai fadama da gine-gine suka kewaye. Ba mu hau gadar sama ta masu tafiya a ƙafa da ke rataye a saman itatuwa, mai tsawon mita 401 ba saboda ƙanƙantar yaran, sai muka bi hanyar katako da ta ratsa cikin itatuwa. Da farko birai ne suka ɗauke musu hankali, hayaniyarsu kuma ta kori duk wani tsuntsu da ke kusa. Sai na ce kowa ya tsuguna, ya rufe ido, ya kasa kunne. Can sai ga kukan kurciya daga cikin ganye. Wata yarinya ta ja gefen hijabina, ta ce cikin raɗa, "Malama, irin ta gidan Kaka ce a Katsina." Wannan magana ta ratsa ni ƙwarai, domin yaranmu da aka haifa a Legas da wuya su ji sunayen tsuntsaye da Hausa, kuma abin da suka iya kiran sunansa shi ne suke tsayawa su duba.

A bakin ruwa muka tarar da balbela, wani yaro da mahaifinsa ke sana'ar fawa a Oko-Oba ya ce ya san ta a cikin shanu. Na bayyana musu cewa ƙwarin da shanu suke tayarwa daga ciyawa take bi.

A hanyar komawa yawancinsu barci ya kwashe su, ban da biyu da suka manna kwalinsu a taga suna ƙirga hankaki har muka wuce Oshodi.