Ƙirgar kunkuru a jejin Nebada

Duk ranar da na kira gida, Hajiyata sai ta tsokane ni. "Wai har yanzu kunkurun kake ƙirgawa?" In ce mata har yanzu, Hajiya. Sai ta ce ikon Allah, mutum ya gama jami'a a Zariya, ya haye jirgi har Amurka, ya ƙare a leƙen ramin kunkuru. Na sha gwada yi mata bayani, daga baya na haƙura, don ba ƙarya ta yi ba. Da ramin kunkurun nake biyan albashin mutum huɗu.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a birnin Reno da ke jihar Nebada, da a-kori-kura biyu a ƙofa. Aikinmu shi ne, kafin a yanka sabuwar hanya ko a faɗaɗa tsohuwa, ko a ba wani izinin ratsa filin gwamnatin tarayya da turakun lantarki ko bututu, mu taka wurin da ƙafa, mu rubuta abin da ke cikinsa da abin da aikin zai taɓa. A Najeriya dokar 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Nan kuwa gwamnatin tarayya ce da kanta ke da eka kusan miliyan 640, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar baki ɗaya, mafi yawansu a yamma. A Nebada rabonta ya kai wajen kashi 80 cikin 100. Da wuya hanya ta fita bayan gari ba ta hau filin tarayya ba, galibi na hukumar kula da filayen tarayya da ake kira BLM, wadda ita kaɗai ke riƙe da eka miliyan 245.

Dokar da muke ci a ƙarƙashinta sunanta NEPA, wato dokar nazarin muhalli ta Amurka. Shugaba Nixon ya sa mata hannu ranar 1 ga Janairun 1970, bayan shekarar da man fetur ya malale a gaɓar Santa Barbara, kogin Cuyahoga kuma ya kama da wuta saboda ƙazanta. Abin da sababbin ma'aikatana suka fi shan wahalar ganewa shi ne, dokar ba ta hana komai. Ba ta ce kada a yi hanya ba, ba ta ma ce a zaɓi hanyar da ta fi sauƙin ɓarna ba. Cewa ta yi a duba tukuna, a rubuta, a nuna wa jama'a. Kotun Ƙoli ta faɗi haka ƙarara a 1989: laifi a wurin wannan doka shi ne hukuma ta yanke shawara a makance, amma in ta duba ta gani, ko shawarar ba ta hikima ba ce, dokar ba ruwanta. Masu haƙora wasu dokoki ne da ke tafiya tare da ita, kamar ta 1973 mai kare halittun da ke neman ƙarewa, da wani sashe na dokar sufuri ta 1966 da ya hana a bi da titin tarayya ta cikin wurin shaƙatawar jama'a muddin akwai wata mafita mai ma'ana. Da wannan sashen mutanen birnin Memphis suka tare babban titi daga ratsa lambun Overton a 1971, har gobe lambun yana nan.

Aikin hawa uku ne. Akwai ƙananan ayyuka da aka yafe musu dogon nazari, kamar sake shimfiɗa kwalta a kan tsohon titi. Akwai matsakaicin rahoto, wanda yawanci yake ƙarewa da takardar cewa ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. Sai babban rahoto, na manyan ayyuka, wanda irinmu ba ma ɗaukarsa mu kaɗai. Manyan kamfanoni ke cin kwangilar, su yago mana ɓangaren dabbobi da tsirrai.

To, kunkurun. Tun 1990 aka sa kunkurun hamadar Mojave cikin halittun da doka ke karewa, kuma yana kudancin jihar ne, tafiyar awa bakwai daga ofishinmu. Mukan jera, mita goma tsakanin mutum da mutum, mu miƙe kamar masu shuka, ido a ƙasa. Ba kasafai ake ganin shi kansa ba, don kusan duk rayuwarsa a rami yake yinta. Alamarsa ake nema: bakin rami mai siffar rabin wata, kashinsa mai ɗauke da ciyawa, sawu, ko tsohon ƙoƙon baya. In mun sami rami sai a durƙusa da madubi, a karkato hasken rana ciki. Wanda ba shi da takardar izini ba ya taɓa shi, kuma dalilin ya wuce tsoron tara. Kunkurun nan a mafitsararsa yake ajiye ruwan da zai kai shi wata da watanni. In ka ɗaga shi ya firgita, sai ya sake fitsarin duka, ka ajiye shi kana ganin ka taimake shi ka tsallakar da shi titi, alhali ƙishirwa ka bar masa. Ranar da na gaya wa Hajiya wannan ne kawai ta yi shiru, can ta ce, "Allah sarki, bawan Allah."

Wahalar sana'ar tana cikin kalanda. Kunkuru yana fitowa ne a Afrilu da Mayu, sai kuma Satumba da Oktoba, kuma in zafi ya tsananta a tattara a koma mota. A arewacin jihar akwai wani tsuntsu mai kama da zabo, mazansa kan taru a fili ɗaya kowace shekara suna kumbura ƙirji suna rawa don mata su zaɓa. Daga Maris zuwa farkon Mayu ake ƙirga su, da asuba kafin rana ta ɗaga, kana cikin mota sanyi na cin yatsunka. Wasu furanni kuwa mako uku kacal suke bayyana, in shekarar ba ruwa ma ba za su fito ba. Akwai shekarar da wani babban kamfani ya riƙe takardar kwangilarmu a teburin lauyoyinsa har tsakiyar Yuni. Da suka sa hannu suka ce mu fara gobe. Na ce ranka ya daɗe, mu fara me? Kunkuru ya shige rami, tsuntsu ya watse. Aikin ya jira har kaka, wani ɓangaren har shekara ta zagayo, kuma a taron da aka yi daga baya na ji da kunnena ana cewa nazarin muhalli ne ya jawo jinkiri.

Ni ma na taɓa tafka tawa. Wani aikin faɗaɗa hanya ne a ƙasar makiyaya, za a kafa shingen waya gefe da gefe. Na dogara da taswira da hoton tauraron ɗan Adam, na rubuta cewa ba ruwa a kusa. A taron jin ra'ayin jama'a, a zauren wata makarantar ƙauye, wani dattijo mai kiwon shanu ya tashi, hularsa a hannu, ya ce in zo gobe ya nuna mini wani abu. Da safe ya kai ni bayan wani tudu: idon ruwa ne ƙarami, da bututu da kwami, tun zamanin kakansa. Shanunsa a wancan gefen titi suke kiwo bisa izinin gwamnati, a wannan gefen suke sha. Shingena zai raba su da ruwa. Kunya ta kama ni, don ni da na tashi ina ganin yadda ake cinye burtali da gona har a kai ga zubar da jini, bai kamata a ce sai an nuna mini wannan ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aka sake zane, aka sa babban kwalbati da saniya za ta wuce a tsaye. Da na koma bayan shekara biyu, sawun barewa a cikinsa ya fi na shanu yawa. Tun daga ranar ba na rubuta "babu" a rahoto sai ƙafata ta taka wurin.

Dokar tana canja kama a 'yan shekarun nan. Wani ƙiyasi na fadar shugaban ƙasa a 2020 ya nuna babban rahoto kan ɗauki shekara huɗu da rabi a matsakaici. A 2023 majalisa ta ƙayyade shi: shafi 150, ko 300 in aikin mai sarƙaƙiya ne, cikin shekara biyu; matsakaicin kuma shafi 75 cikin shekara ɗaya. A Mayun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan wani layin dogo na jigilar ɗanyen mai, mai tsawon mil 88 a jihar Yuta, wanda rahotonsa ya haura shafi 3,600, ta ce alƙalai su rage yi wa hukumomi katsalandan, kuma ba dole ba ne a bi diddigin abin da man da jirgin zai ɗauka zai haifar a matatun da ke can wata jiha. Abokan sana'ata da yawa sun yi ta ƙorafi. Ni ban yi kukan shafukan ba. Rabin abin da muke cusawa a da, don tsoron lauya muke cusa shi, ba don wani zai karanta ba, kuma dattijon nan mai shanu ba zai taɓa buɗe littafi mai shafi dubu ba. Inda nake da ja shi ne wa'adin. Shekara ɗaya a takarda tana nufin bazara ɗaya a jeji, in ta kuɓuce babu dokar da za ta fito da kunkuru a watan Janairu.

Kuɗi kuwa, sai babban kamfani ya karɓa kafin mu gani, wani lokaci bayan wata uku. Da ma'aikatun gwamnatin tarayya suka rufe na kwana 35 daga ƙarshen 2018 saboda taƙaddamar kasafin kuɗi, da katin bashina na biya albashi sau biyu, matata tana kallona ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Lokacin sanyi mukan zauna rubutu da gyaran taswira da sabunta inshora.

Jiya na kai motocin aka canja taya, na sayo sababbin madubai huɗu don bara mun fasa biyu. Akwai mil goma sha ɗaya na gefen titi da ke jiranmu a kudu farkon Afrilu, takardar kuma har yanzu tana teburin wani.