Likitoci Uku a Cikin Duhu

Tun ina aji biyu a sashen zane-zane nake cin abinci da fensir. Mutum ya turo hotonsa ta WhatsApp, in kwafe shi tsaf, ya biya. Amarya ta ce a ƙara mata haske, alhaji ya ce a rage masa tumbi, ni kuwa ba musu. Kamanni dai sai ka rantse, har na fara jin kaina.

Wata rana na kai wa malaminmu guda shida. Ya jera su a tebur, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Duk 'yan gida ɗaya ne?" Mutanen ko sanin juna ba su yi ba. Bai jira amsata ba, ya juyo mini da kwamfutarsa.

Abin da na gani ya tayar mini da tsigar jiki. Dattawa uku sun ɓullo daga baƙin duhu, fuskokinsu fari fat kamar fatalwa, sun waiwayo kamar ka katse su a tsakiyar aiki. Ɗaya hannuwansa jina-jina, ɗaya riƙe da kayan tiyata, na ukun da takarda. Zanen Ken Currie ne na 2002 mai suna Three Oncologists, wato likitocin ciwon daji uku, wanda gidan adana zanen fuskoki na ƙasar Sikotlan da ke Edinbura ya sa shi ya yi. Mutanen kuwa a lokacin manyan furofesoshi ne na asibitin Ninewells da ke birnin Dundee: Robert Steele, da Alfred Cuschieri, gwanin tiyatar da ake yi ta ɗan ƙaramin rami, da David Lane, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano furotin p53, wani sinadarin jiki mai taimakawa wajen hana ciwon daji, a 1979.

Na ce, "Malam, ai wannan cin mutunci ne. Da ni na yi wa alhaji haka, da kuɗinsa zai karɓa."

Daga baya na bi diddigin Ken Currie. An haife shi a 1960, ya yi karatu a makarantar zane ta Gilasgo, kuma yana cikin samarin da suka yi tashe a shekarun 1980 da zanen siffar mutum, irin su Peter Howson da Steven Campbell. A 1987 ya zana manyan alluna takwas na tarihin ma'aikatan birnin, don cika shekara 200 da harbe masaƙan unguwar Calton da suka yi yajin aiki. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi da likitocin nan. Har ɗakin tiyata ya shiga, ya tsaya yana kallon ana buɗe cikin mutum mai rai. Duhun da ke bayansu ba ado ba ne, can suke shiga kullum su fito, wani lokaci da albishir, wani lokaci da akasinsa. Ni kuwa ban taɓa tambayar wanda nake zanawa ko sana'arsa ba.

Aikin ƙarshen zango, sai na ajiye waya na tafi shagon wani tsohon tela a unguwarmu. Kwana huɗu ina zaune a kan benci, yana ta tsokanata wai na zo satar sana'a. A nan na ga abin da hoto ba ya nunawa. Kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Idan zai zura zare a allura, sai ya ture tabarau zuwa goshi ya runtse ido ɗaya, leɓensa na ƙasa ya ɗan fito. Babban yatsansa ya yi kanta daidai inda almakashi ke zama. Fuskar ma ban gama ta sosai ba, hannuwan ne suka cinye mini lokaci da gawayi.

Da na nuna masa, ya riƙe takardar nesa da idonsa, ya yi shiru.

"Yaro, haka na tsufa?"

"Haka na gan ka, Baba."

Ya miƙo mini ba tare da ya ce ya yi kyau ba, ya koma kan kekensa. Da yamma sai ga jikarsa a ƙofar gidanmu, wai kakarta ta ce idan malam ya gama dubawa a kai mata.