Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Wa Tsohon Zaurenmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi, sanarwa ta fito a gazet ɗin gwamnati: tsohon zauren taron unguwarmu ya shiga rajistar kayan tarihi ta jihar New South Wales a nan Ostareliya. Da labarin ya iso sai na je na zauna a dakalin ƙofarsa, na kasa cewa komai.

Ga waɗanda ke gida ba su san zancen ba, zaure ne na jan bulo da rufin kwano, ya haura shekara ɗari. Ma'aikata ne suka yi karo-karo suka gina shi, daga baya ya zama wurin da baƙi irinmu ke koyon Turanci da dare. A cikinsa na fara iya cika takardar neman aiki da hannuna. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗin rushe shi na ji kamar gidan ubana aka ambata.

Godiyata ta farko ga wata dattijuwa ce, wadda nake kira Iya duk da ba harshenmu ɗaya ba. Takardar neman shigar da zauren rajista da muka fara rubutawa ƙauna ce zalla, babu hujja. Wata masaniyar tarihi da ta duba mana ita kyauta ta faɗa mana gaskiya: son da unguwa ke yi wa gini zai iya kai shi jerin kayan tarihi na ƙaramar hukuma, amma rajistar jiha sai an nuna cewa yana da muhimmanci ga jihar baki ɗaya. Ma'aunai bakwai ake dubawa, ciki har da tarihin ginin, da alaƙarsa da wasu mutane, da kyawun ƙirarsa, da matsayinsa a zukatan al'umma, da ƙarancin irinsa. Gwiwarmu ta yi sanyi. Ana cikin haka Iya ta kira ni gidanta, ta sa na jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan taron da mahaifinta ya rubuta ne a ciki, da rasiɗan bulo, da hotunan ranar da aka ɗora rufi. Ta ce shekara da shekaru 'ya'yanta na cewa ta zubar. Iya, wannan akwati shi ya tsayar da ginin nan. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ɗalibai uku sun kwashe watanni suna tonon tsofaffin jaridu a Trove, rumbun intanet na Ɗakin Karatu na Ƙasa, har suka samo rahoton bikin buɗe zauren. Na gode, ƙannena.

Akwai lokacin da wasu daga cikinmu suka ce ginin talakawa irin wannan ba zai samu shiga ba, wai rajista ta manyan gidaje da majami'u ce. Malaminmu ne ya tuna mana masallacin Broken Hill, ɗan ƙaramin gini na kwano da masu raƙuman nan da ake kira 'yan Afganistan suka kafa a ƙarshen ƙarni na 19, wanda ya shiga wannan rajista a 2010. Daga ranar ba wanda ya sake maganar. Malam, Allah ya saka da alheri.

Waɗanda suka mallaki ginin sun cancanci yabo na musamman, domin su ne nauyin zai hau. A ƙarƙashin Dokar Kayan Tarihi ta 1977, ginin da ya shiga rajista ba a yi masa babban sauyi sai da izini, kuma wajibi ne a kare shi daga ruwa da gobara da masu ɓarna. Da farko sun tsorata, kuma ban ga laifinsu ba. Sun zauna da mu sau da dama, suka yi tambayoyinsu, daga ƙarshe suka rubuta wasiƙar goyon baya da kansu.

Ina gode wa Majalisar Kayan Tarihi ta jihar da ta saurare mu ta ba minista shawara, da duk wanda ya aika da ra'ayinsa lokacin da aka buɗe ƙofar jin ta bakin jama'a. Uwargida, ke kika san dararen da teburin cin abinci ya koma ofis, ba ki taɓa ƙorafi ba.

Indararon gefen gabas yana yoyo, kuma mun riga mun nemi shawarar masana kan yadda za a gyara shi ba tare da an taɓa tsohon bulon ba. Ranar Asabar bayan azahar za mu haɗu a zauren mu share, Iya kuma ta yi alkawarin zuwa da hotunan domin yara su gani.