Baƙon da ya biyo dutse daga teku

Asabar, bayan sallar isha'i.

Hannuna har yanzu ƙarnin teku yake yi, duk da na wanke da sabulu sau uku. Tawul biyu na shanye a igiya, bayana kamar wanda aka daka a turmi. Amma alhamdu lillahi, yau na ga mai ƙwanƙwasar nan ido da ido, kuma yana raye, ni ma yatsuna goma cif.

Sati uku ke nan ina jin sautin. Idan gida ya yi tsit, yara sun kwanta, sai in ji ƙwas, ƙwas, ƙwas daga cikin tankin gilashi na ruwan gishiri da nake kiwon kifin teku da murjani a ciki, kamar ana buga tsabar kuɗi a jikin gilashi. Da fari na ɗora wa famfon ruwa laifi, na kwance shi na wanke, sautin bai daina ba. Sai katantanwa suka fara raguwa. Goma sha biyu na zuba don su riƙa share gansakuka, ranar Laraba da na ƙirga biyar na samu. Ragowar kuwa ga ɓawonsu nan a farfashe, an tara su wuri guda a gindin wani dutse kamar juji a bayan gida. Wannan tarin shi ya tona asirin. Akwai wani ɗan jatan lande mai harbi da ƙahon hannunsa, shi ma yana ƙara, amma nasa tas ɗaya ne ko biyu ya yi shiru, kuma ba ya fasa ƙoƙon katantanwa haka. Wanda ke jera bugu yana tara ɓawo a ƙofar gidansa, wannan jatan lande mai siffar ƙoƙi-ƙoƙi ne.

Laifin nawa ne, gara in rubuta shi a nan yadda zan riƙa gani. Duwatsun da ke tankin, waɗanda ake kira masu rai saboda ƙananan halittun teku da ke zaune a jikinsu, daga Legas aka aiko mini, an naɗe su da jiƙaƙƙiyar takarda a cikin kwalin soso, mai sayarwar ya ce asalinsu daga Indunusiya ne. Ka'ida ita ce a ajiye sabon dutse a wani mazubi daban na 'yan makonni, a ga abin da zai fito daga ramukansa. Ni ɗoki ya ɗebe ni, a daren da suka iso na jera su a babban tanki. Dutsen teku ba kamar na Dala ba ne, duk jikinsa ƙofofi ne da lunguna kamar gidan gara, kuma muddin akwai laima a ciki, halittar da ta maƙale za ta iya jure tafiyar kwanaki.

Dare uku ina ɗana masa tarko. Gorar ruwa na yanke wuyanta na kifa shi ciki, na sa yankan jatan lande na firji, na jingina a kusa da jujin nasa. Daren farko ƙaguwa na kama, tawa ta cikin tankin. Dare na biyu babu komai. Jiya da safe na tarar da gorar wayam, an cinye naman an fice.

Saboda haka yau ina dawowa daga masallaci da asuba ban koma kwanciya ba. Na naɗe bakin tocila da jar leda, na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna a gaban gilashin. Na fi minti arba'in. Gari ya fara wayewa, haske ya ɗan shigo ta taga, sai na ga wani ɗan tsakuwa a jikin dutsen ƙasa ya motsa. Aka ture shi gefe daga ciki. Sai idanu biyu suka leƙo a kan 'yan sanduna, ɗaya ya juya hagu, ɗaya ya tsaya cak a kaina. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Kifi idan ya dube ka, wucewa yake. Wannan kuwa auna ni yake yi.

Matsalar ita ce dutsen nasa shi ne ginshiƙin duk ginin. Kafin in kai gare shi sai na sauke duwatsu shida da murjanin da ke kansu. Na kira ƙanena ya zo da hantsi, muka shimfiɗa leda a falo, muka jera bokitai huɗu da ruwan tankin. Muna cikin saukewa aka ɗauke wuta, inbata ta karɓa, amma ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ruwa. A bazarar Kano, da rana ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga mai halittun da ke son 25 zuwa 26. Uwargida ta fiddo gorunan ƙanƙara daga firiza muka riƙa jefa su a bokitan a rufe. Reshen murjani ɗaya ya karye a hannuna, wanda na yi wata takwas ina renonsa. Na ji zafinsa sosai.

Da muka ɗago dutsen muka saka a bokiti, ƙanena ya ce, "Yaya, me zai hana a tafasa ruwa a kwarara a ramin, a huta?" Na ce masa ko kusa. Ko da ban damu da abin da ke ciki ba, a jikin dutsen akwai wani murjani mai kama da ƙananan maɓallai, wasu irinsa na ɗauke da guba mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani. A ƙasashen waje an sha kwasar mutanen gida guda zuwa asibiti saboda tururin dutsen da aka zuba wa tafasasshen ruwa. Shi ya sa tun farko na sa muka saka safar hannu ta roba mai kauri, na kuma hana yara matsowa. Ruwan famfo ma ban yarda da shi ba, domin zai kashe ƙananan halittun da saboda su na sayi dutsen da tsada.

Ruwan soda na yi amfani da shi, marar zaƙi, mai iska kawai. Na ɗaga dutsen sama da bokitin, ƙanena ya zuƙo da babban sirinji ya tsirta a ramin. Karo na farko shiru. Na biyu wata tsutsa mai gashi ta zubo. A na huɗu sai wani koren abu ya fito kamar kibiya ta wata ƙofa ta baya da ban ma san da ita ba, ya faɗa ruwan ya kewaya bokitin sau biyu kafin in ƙifta ido.

Sai muka durƙusa muna kallo.

Tsawonsa bai wuce ɗan yatsana na tsakiya ba, kamar santimita 7. Kore ne irin na ganyen zogale, gefen ƙafafunsa da ɗan ja, wutsiyarsa a baje kamar mafici. Hannayen biyu a naɗe suke ƙarƙashin ƙirji, daidai yadda ƙoƙi-ƙoƙi ke yi idan yara suka tsokane shi don ya nuna musu dambe. Na miƙa dogon hantsaki na ƙarfe don in cire wani ɓallin dutse da ya faɗa kusa da shi. Ban ga motsin ba. Ƙarar kawai na ji, tas, da girgizar da ta biyo ƙarfen har wuyan hannuna. Ƙanena ya ja da baya yana salati, ya ce, "Wannan ai Shago ne!" Sunan ya zauna.

Tun da na fara zarginsa nake karatu a kansa, amma karatu daban, ji a hannu daban. Ba ma jatan lande ba ne na ainihi, dangi ne mai zaman kansa, nau'insu ya haura 450. Sun kasu gida biyu: masu suka da hannu mai ƙayoyi, su kifi suke kamawa, da masu naushi irin nawa, masu fasa katantanwa da ƙaguwa. A 2004 wata masaniya a Amurka, Sheila Patek, ta ɗauki naushin wani babban nau'insu mai launin dawisu da kyamara mai tsananin sauri, ta samu yana kai mita 23 a daƙiƙa guda, a cikin ruwa fa. Ƙarfin bugun kan kai niyuton 1,500, wato kamar nauyin buhun siminti uku ya sauka a wurin da bai kai ƙwayar wake ba. Kuma ba tsoka ce ke kai naushin kai tsaye ba. Tsokar ɗana hannun take yi a hankali kamar maharbi ya ja baka, wani ɗan sakata ya riƙe, sai a saki. Saurin kan sa ruwa ya yi kumfa a gaban hannun, kumfar ta fashe da nata ƙarfin, katantanwa ta sha bugu biyu a naushi ɗaya. Na sha zuwa kallon dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa. Wannan duka biyun a naɗe aka halicce shi.

Idon ne dai ya fi tsaya mini a rai. Ta tsakiyar kowane ido akwai wani zane da ya ratsa shi kamar ɗamara, kuma ido ɗaya kaɗai ya ishe shi gane nisan abu. Mu ƙwayoyin gane launi iri 3 gare mu, su suna da 12 zuwa 16, har hasken da ba ma gani suna gani. Abin mamaki, wani bincike da aka yi a Ostireliya a 2014 ya nuna duk da haka mun fi su iya bambance launuka masu kama da juna. Nasu idon na sauri ne, ya gane abu nan take ya yanke hukunci. Tsarki ya tabbata ga wanda ya tsara wannan a jikin abin da bai kai yatsa ba.

Da azahar tambayar ta zo: me za a yi da shi? Yawancin masu tanki kashe shi suke yi, wasu su jefa shi a firiza. Ba na zarginsu, wanda ya ga kuɗinsa na zama ɓawo kullum safiya ransa dole ya ɓaci, nawa ma ya ɓaci. Mayar da shi teku kuwa babu hanya, tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma ba ma tekunsa ba ce, sakin baƙuwar halitta a ruwan da ba nata ba ɓarna ce ta daban. Babu kuma wanda na sani a garin nan da zai karɓe shi.

Hajiya ta shigo ta same ni zaune a gaban bokiti. Ta leƙa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Shi ya kawo kansa?" Na ce a'a Hajiya, a cikin dutsen da na saya ya zo. Ta ce, "To gidansa ka saya da shi a ciki. Ka manta hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba?" Ta wuce ɗakinta. Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban da abin cewa. Sati uku ina kiransa ɓarawo a zuciyata, alhali yana zaune a raminsa aka ɓamɓaro shi daga ƙasan teku, aka keta duniya da shi, aka dire shi a falo a Tarauni. Katantanwar da ya ci kuwa, ita ce tuwonsa tun can.

Ina da ƙaramin tanki mai lita 40 a sito, wanda da ma don keɓe sabbin kaya na saya, wanda da na yi amfani da shi da duk wannan bai faru ba. Na wanke shi, na zuba yashi mai kauri, na ɗebo ruwa daga babban tankin don kada gishirin ya bambanta, ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Ƙanena ya je wurin masu kayan famfo ya yanko mini guntun bututun roba mai lanƙwasa, na binne shi a yashin na bar baki biyu a buɗe, na watsa ɓaraguzan dutse da ɓawon katantanwar da shi kansa ya fasa. Uwargida ta tambaya ko ba zai fasa gilashin ba. Na gaya mata gaskiya: manyan nau'in, masu kaiwa santimita 18, su ne aka san sun taɓa yin haka, ƙarami irin wannan ba na jin tsoro. Duk da haka na shimfiɗa farantin roba a ƙasan yashin, saboda idan yana haƙa ya ci karo da abu mai tauri, bugu yake kai masa.

Mayar da duwatsun babban tanki ya ci mana har la'asar, kuma ginin bai koma yadda yake ba. Ruwan ya yi fari da ƙura, kifayen sun lafe a lungu, murjanin duk sun tsuke. Gobe in Allah ya kai mu zan auna ruwan in canza kashi ɗaya cikin biyar. Wuta ta dawo wajen ƙarfe biyar.

Shago kuwa minti goma bai yi ba ya gano bututun. Ya shiga ta nan ya fita ta can, ya juya a ciki, sannan ya fara aiki: ya rungumo yashi da ƙananan hannayensa ya watsar waje, ya jawo ɓaraguzai yana jerawa a bakin ƙofa, wanda bai yi masa ba ya jefar. Autata ta manna hanci a gilashi ta ce, "Abba, gini yake yi!" Na miƙa masa ɗan yankan jatan lande a tsinken tsire, ya fito rabin jiki, ya dube ni da ido ɗaya, ya dubi naman da ɗayan, ya fizge ya koma.

Da magariba ta yi na ga ya jawo wani faffaɗan ɓawo ya toshe ƙofar daga ciki, yadda ya saba yi a dutsensa. Yanzu ƙarfe goma saura, na kashe fanka na zauna tsakanin tankunan biyu ina saurare, domin dutse shida ne suka zo a kwali ɗaya da nasa. Daga ƙaramin na ji ƙwas sau biyu ɗazu. Babban shiru ya zuwa yanzu. Zan ƙara rabin awa.