Asabar a cikin fayilolin gwajin LaTeX

Tun bayan sallar Asuba na zauna a kan aikin tarin karin maganar da nake tsarawa da LaTeX, manhajar tsara rubutu don ɗab'i wadda ake sarrafawa da rubutattun umarnai, domin mai ɗab'in da ke Tudun Wada ya ce in kai masa shi kafin ƙarshen mako mai zuwa. Abin da nake nema ba wani babba ba ne: umarni guda wanda zai karɓi karin magana, ya karɓi sharhinta idan akwai, kuma idan na sa masa tauraro ya fitar da ita cikin baƙin rubutu mai kauri. Na san \NewDocumentCommand ne ke yin irin wannan, tun da aka shigar da shi cikin ainihin LaTeX a watan Oktoba na 2020, amma littafin jagorar ya bayyana haruffan s da o da m (na tauraro, na gurbin zaɓi, da na gurbin dole) a taƙaice, sannan ya bar ni da tambayoyina.

Da hantsi na kira wani abokina da ke koyar da lissafi a Zariya. Ya yi dariya, ya ce, "Malam, ka bar littafin jagora tukuna, ka shiga GitHub ka duba inda masu aikin suke jarraba kayansu." A wannan shafin intanet da ake ajiye lambobin manhajoji, cikin ma'ajiyar LaTeX mai suna latex2e, kuwa na tarar da manyan jakunkuna masu suna testfiles, cike da fayiloli biyu-biyu. Mai ƙarewa da .lvt shi ne gwajin kansa, mai ƙarewa da .tlg kuma shi ne sakamakon da ake sa ran gani. Manhajar l3build ce ke gudanar da na farko ta gwada abin da ya fito da na biyu, idan suka saɓa ta kai ƙara. Al'adar ta daɗe, domin Donald Knuth, wanda ya fitar da TeX, manhajar da aka gina LaTeX a kanta, a 1978, shi ma yana da fayil ɗin trip.tex da yake gana wa manhajarsa azaba da shi.

Abin da ya burge ni shi ne gajartar misalan. Babu ado, babu dogon bayani, layi uku ko huɗu ne, kuma kowanne yana nuna hali guda: an sa tauraro, ba a sa ba, an bar gurbin sharhi fanko. A nan na ga yadda \IfBooleanTF ke gane tauraro, na kuma fahimci dalilin da ya sa kalmar -NoValue- ta yi ta fitowa a tsakiyar shafina jiya, wato ban tambayi umarnin ko an ba shi sharhi ba kafin ya buga.

Sai dai garaje ya ja mini asarar kusan awa guda. Na kwafi wani misali kai tsaye, na gudanar, kwamfuta ta tsaya cik da saƙon kuskure. Na yi ta zargin haruffanmu masu lanƙwasa, har na sauya ƙ da ɗ ɗaya bayan ɗaya, ashe ba ruwansu. Da na buɗe abokin fayil ɗin na .tlg, sai ga saƙon nan a rubuce, da alamar motsin rai a farkon layi: da gangan aka rubuta misalin ba daidai ba, don a tabbatar manhajar za ta ƙi shi. Daga nan ban sake ɗaukar ko layi ɗaya ba sai na karanta fayilolin biyu gefe da gefe.

An ɗauke wuta gab da La'asar, amma kafin batirin ya mutu umarnin ya yi aiki a babi na farko. Saura babi shida gobe, idan Allah ya kai mu.